Abin da Ke Gaban Takwas

Talata, bayan azahar

An sallamo ni daga hasumiyar filin jirgi tun lokacin tashina bai yi ba. Shef, wato shugabanmu, ya ce in je gida in huta, sai ka ce na gaya masa na gaji. Ya karɓi lisans ɗina, takardar da ta ba ni ikon ba jirage hanya, ya jefa a aljihun tebur ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Adawiyya. Ƙa'ida ce." Bai iya kallon idona ba.

Ba wanda ya mutu. Da wannan ya kamata in fara.

Inna ta gan ni da rana tsaka, ta tambaya ko wuta aka ɗauke a filin jirgin. Na ce wani abu ne mai kama da haka. Ta dube ni ta ce, "To," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Talata, magariba

Ba wanda ya mutu. Sai nanata wa kaina nake yi.

Laraba, hantsi

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, ko zai daina zagaya mini kai.

Hadari ne ya haɗo ta kudu, ta wajen Binuwai, rediyo na ta ƙara kamar an yayyafa ruwa a mai mai zafi. Jirage biyu ne a hannuna. Ɗaya na kaya, yana zuwa daga Duwala, matuƙansa baƙi ne ba sa jin Faransanci. Na sauko da shi zuwa mataki tara sifiri, wato ƙafa dubu tara, na ce ya tsaya a nan. Ɗayan na fasinja ne, ya tashi daga Garwa zai tafi Yawunde. Shi kuma na ce ya hau zuwa takwas sifiri ya tsaya, har su gifta juna, wannan a sama wancan a ƙasa. Aikin da ko daga barci aka tashe ni zan yi shi.

Saboda baƙin nan ne na juya maganar duka zuwa Ingilishi, don kowa ya ji abin da aka gaya wa ɗan'uwansa. Wai ni mai taka-tsantsan.

Na ce takwas sifiri. Aka maimaita mini takwas sifiri. Mu kunne ne idonmu, in jirgi ya shige gajimare abin da matuƙi ya faɗa shi ne abin da muka sani. Can sai muryoyi biyu suka hau kan juna a kunnena. Na fasinja ya kai takwas bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa, ya nufi cikin na kaya. Na'urar da ke gargaɗin karo ce ta raba su, ta ce wa ɗaya hau, ta ce wa ɗaya sauka. Jirgin fasinjan cike yake. Da safen na ga wata mata da tagwaye tana shiga.

Fabrice abokin aikina ne ya zare mini abin kunne ya zauna a kujerata.

Komandan ɗin jirgin fasinjan, wato babban matuƙi, wani ne Lionel, muryarsa kawai na sani. Amma mataimakinsa, wanda ya maimaita mini, Taufiƙ ne, ɗan Hajja Aisatu ta tsohon layinmu a Yelwa. Na goya shi yana jariri. Har yau in mun haɗu a bakin ƙofar filin jirgi, da kakinsa da komai, Adda yake ce mini, wato yaya.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Shef ya kira. Komandan Lionel ya rubuta cewa biyu takwas sifiri na ba su, ƙafa dubu ashirin da takwas. Wai da kunnensa ya ji.

Na tashi tsaye da waya a hannu ban san na tashi ba. Ni zan ba jirgi biyu takwas sifiri alhali na san akwai wani a kansa? Shef ya ce in kwantar da hankalina, sannan ya tuna mini abin da na fi so in manta: biyu takwas sifiri shi ne matakin da suka nema tun kafin su tashi, kuma yana rubuce a 'yar takardar da ke gabana. Ma'ana ido ya gani, baki ya karanta.

Na tambayi abin da Taufiƙ ya rubuta. Wai ba ya iya tunawa daidai, rediyo na ƙara. Akwatin da ke ɗaukar hirar matuƙa kuwa ya goge kansa, don sun ci gaba da tashi har yamma. Saura kaset ɗin hasumiya kaɗai.

Asabar, da safe

Mahfuzu ya dawo daga Lagdo, gidan duk ya ɗauki warin bandar kifinsa. Na ba shi labari. Mijin nan nawa ko gobara ake sai ya samo abin dariya a ciki. Ya ce, "Ke da ko gishirin miya sai kin maimaita mini adadinsa, ke za ki ƙara wa jirgi biyu?" Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini. Ya rasa yadda zai yi, ya je ya ɗebo mini kifi mafi girma a kwandon.

Litinin, bayan la'asar

Na ji kaset.

Masu bincike sun zo daga Yawunde. Shugabarsu Madam Micheline, mace mai gilashi a karan hanci, mai magana a hankali kamar tana tsoron kalmomin su zube. Na shiga da ƙwarin gwiwata, har da sabon mayafi.

Aka kunna. Ga ƙarar hadari, ga muryata tana kiran jirgin, ta ce ya hau mataki, sai ɗan shiru, sai wani abu gajere, sannan takwas sifiri. Akwai wani abu a gaban takwas ɗin. A Ingilishi biyu "tu" ne, kuma abin nan da ke kaset ɗin da "t" ya fara. Aka mayar aka sake, aka mayar aka sake. Kowa a ɗakin ya ji biyu.

Amsar Taufiƙ kuwa ƙara ta cinye farkonta, takwas sifiri kawai ake ji. Suka ce ai biyun ce ƙarar ta cinye.

Madam Micheline ta ce, "Muryarki ce?" Na ce tawa ce. Ta rubuta.

Talata

Ban fita ba.

Laraba, hantsi

Idan da gaske na faɗa fa? Abin da ke cin raina ke nan. Da Lionel ne kawai da sai in ce ƙarya yake, in samu wanda zan tsana in huta. Amma muryata ce. In bakina zai iya faɗin abin da kaina bai aike shi ba, ashe bai kamata a mayar mini da lisans ɗin ba. Matar nan mai tagwaye ta ƙi barin idona.

Jirgin Yawunde ya wuce ta kan gidan ɗazu. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ƙararsa ta ɓace.

Alhamis, bayan azahar

Inna ce ta gano, ita da ko ƙofar filin jirgi ba ta taɓa takawa ba.

Tana ba ni saƙon kasuwa, ina jin ta da rabin kunne. Daddawa, na ce to. Kuɓewa busasshiya, na ce to. Ta tsaya ta ce, "Wai ke wannan 'to' ɗin taki ba ta ƙarewa? Tun kina ƙarama in kina neman abin faɗa sai kin toshe ramin da ita. Ko sunanki aka tambaye ki sai kin ce to tukun."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye.

Na tuna. Na ce ya hau mataki, sai na sunkuya in sake duba tsayin jirgin kaya don in tabbatar, yatsana na kan maɓallin magana ban saki ba. Na ga tara, na ce to, na ce takwas sifiri. Hausa ce ta leƙo a tsakiyar Ingilishi. Baki shi ke yanka wuya, ni kuwa da harafi biyu ya yanka nawa.

Inna ta ce lafiya? Na rungume ta har ta ce in sake ta zan karya mata ƙashi.

Alhamis, magariba

Murnar ba ta kai magariba ba, don na gano wani abu kuma. Lionel ɗan kudu ne, kunnensa bai san "to" ba, ya ji biyu, ya murɗa biyu takwas sifiri a allonsa. Amma Taufiƙ? Bahaushe ba ya jin "to" a matsayin lamba, kunnensa zubar da ita yake yi yadda ake zubar da tsakuwar shinkafa. Takwas sifiri ya ji, takwas sifiri ya maimaita. Ƙarar ba ta cinye komai ba. Ya sani. Kuma aikinsa ne ya duba abin da komandan ya murɗa, bai duba ba.

Shi ya sa ba ya iya tunawa.

Asabar, da safe

Na samu Madam Micheline a ofishin da aka ba su. Na yi mata bayani da Faransanci mai kyau, na ce kalma ce tamu, kamar a ce "bon" ko "d'accord". Fabrice ya shaida cewa ina yawan faɗinta, har ya kwaikwaye ni, sai dai a bakinsa ta fito kamar tari.

Ta cire gilashinta ta ce, "Madam, kowa na zo bincike a kansa yana da wata kalma ta yarensu da ke bayyana bayan an ji kaset. Ban ce ƙarya kike ba. Amma komandan ya ji biyu, ni ma na ji biyu, mataimaki bai tuna ba. Ko da kalmar ce, ba ta cikin littafin aiki."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya fi ƙona mini rai. Na tambaye ta bambancin. Ta ce kalmar da ba ta cikin ƙa'ida gargaɗi ce da komawa horo. Ba da tsayin da ba shi ba, da kasa kama shi a maimaici, alhali akwai jirgi a sama, wannan kuma ƙwace lisans ne. Za a zauna da kowa da kowa kafin masu binciken su koma Yawunde.

Lahadi, la'asar

Na kira Taufiƙ. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Ban sake kira ba, ni ma ina da zuciya.

Talata, hantsi

Hajja Aisatu ta zo gaishe da Inna, ita da rabonta da gidan nan tun sunan autana. Ta zo da atamfa da turare. Aka yi "jam na, jam ni" da Fillanci, aka dawo Hausa aka sake gaisawa daga farko, aka tambayi ƙafar Inna, aka zagi tsadar gero. Ina zuba musu shayi ina jira.

Can Hajja ta ce, ba ni take kallo ba, "Yaron naku an ce ƙarshen damina za a ƙara masa igiya ta huɗu a kafaɗa. Zai koma kujerar komandan. Tun rasuwar babansa abin da muke jira ke nan."

Inna ta ce, "Allah ya tabbatar da alheri."

"Amin. Ita kuwa Adawiyya ai Allah ya rufa mata asiri, tana da miji mai nema. Mace ko ba aiki ɗakinta na nan. Abin da ya wuce a bar wa Allah, tunda ba rai aka rasa ba."

Na ajiye butar da ƙarfin da ban yi niyya ba. Na ce, "Hajja, ni ban ce ya yi mini ƙarya ba. Abin da ya ji kawai zai faɗa."

Ta ce, "Ya ce bai tuna ba, 'yar nan."

Bayan ta tafi Inna ta daɗe tana kallon atamfar. Ta ce, "To iri-iri ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta za mu gani. Yau Aisatu ba ta yi mini ko ɗaya ba." Ta ce a kai atamfar ɗaki kada a yanka.

Laraba

Mahfuzu ya ce in ya so ya koya mini cinikin kifi, wai kifi ba ya hawa sama. Na daka masa tsawa a gaban yara. Ban taɓa ba.

Alhamis, bayan azahar

Na kama kaina na daina faɗin "to". Inna ta kira ni ta ba ni saƙo, na yi shiru na juya. Ta ce, "Kin ji ni kuwa?" Na ce na ji. Ta ce ita ba ta haifi soja ba. Kalmar na zuwa har bakina sai in haɗiye ta.

Ina jin haushin Taufiƙ, kuma ina tausayinsa, kuma ina jin haushin tausayin. In ya yi magana igiyarsa ta tafi, wataƙila da shekaru. In ya yi shiru ni na tafi gaba ɗaya. Na san irin wahalar da uwarsa ta sha kafin ya gama makarantar tuƙi, har filinsu na hanyar Pitowa ta sayar. Ni ma ba a kan tabarma na tsinci aikina ba.

Lahadi, magariba

Gobe ne zaman. Na goge kaya sau biyu.

Litinin, bayan la'asar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka zaunar da mu a dogon tebur, ni da shef a gefe guda, Lionel da Taufiƙ a ɗaya gefen. Taufiƙ ya rame. Ya gaida kowa da Faransanci, ni ma ya ce mini Madam.

Lionel ya fara. Ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba, mutumin ya ji abin da ya ji. Ya ce yana da 'ya'ya, kuma tun ranar bai yi barcin kirki ba. Na ji zuciyata ta ɗan sauka a kansa, abin da ban so ba.

Aka zo kan Taufiƙ. Ya maimaita abin da ya rubuta, idonsa a kan tebur. Madam Micheline ta gyara gilashi ta ce masa, "Za mu sake kunna kaset ɗin. Ka saurara da kyau, ka ɗauki lokacinka."

Ya ce, "To."

Hannun mai kunna kaset ɗin ya tsaya. Fabrice da ke bayana ya ja numfashi. Madam Micheline ta ɗago kai a hankali ta ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Na ce d'accord."

"A'a. Abin da ka faɗa ɗazu. Sake faɗa."

 Ya sake faɗa. Ta ɗaga yatsa aka kunna kaset, muryata ta fito cikin ƙara, ta faɗi abin nan gajere. Ta sa aka tsayar. Ta dubi Lionel, shi kuwa ya riga ya dafe goshi.

Ta ce, "Ranar nan me ka ji?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Takwas sifiri na ji. Takwas sifiri na maimaita. Ina kallon hadari a allo, ban duba abin da komandan ya murɗa ba."

Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Na ji kamar an sauke mini kaya an ɗora wa ƙanena.

A bakin matakala ya wuce ni, ya ce, "Adda, a gaida Inna."  Har yanzu ban sani ba ko "to" ɗin nan suɓuce masa ta yi ko sakinta ya yi, kuma na san ba zan taɓa tambayarsa ba.

Laraba, hantsi

Takardar ta fito. Ni gargaɗi da komawa horo kafin a ba ni lisans. Su biyun horo da jarrabawa. Maganar igiya ta huɗu an ɗage ta, ba a sa rana ba.

Fabrice ya ce Madam Micheline ta sa ya rubuta mata kalmar a gefen takardarta, ta tambaya ko da "h" ake rufe ta.

Asabar, bayan la'asar

Sunan jikar wani Alhaji Dawuda a tsohon layinmu na Yelwa. Na so in ƙi zuwa, Inna ta ce wanda bai yi sata ba ba ya bin bayan gida. Ta ɗauki atamfar nan a jaka, ban tambaye ta abin da za ta yi da ita ba.

Hajja Aisatu na zaune a tsakiyar mata. Na je na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Na ce, "Hajja, Allah ya sani ban so haka ta kasance ba. Yaronki ya yi abin da ba kowa zai iya ba."

Ta dubi saman kaina ta ce, "To."

Ba ta na yarda ba ce, ba ta na ji ba ce. Na miƙe na koma wajen masu rabon abinci. A hanyar gida na lura jakar Inna ba komai a ciki, ita ma ba ta ce mini komai ba har muka sauka daga babur.

Litinin, bayan wasu makonni, azahar

Na koma kujerata yau, Fabrice na gefena yana sa ido kamar yadda ƙa'ida ta ce. Damina ta fara ja da baya, ana hango duwatsun Tingilin tas. Shef ya miƙo mini lisans ɗin, wannan karon ya kalle ni.

Jirgi na uku da ya kira na Yawunde ne. Tun kalmar farko na gane muryar, yana nan a kujerar mataimaki. Na ba shi takwas sifiri, lamba bayan lamba, ba komai a tsakani. Ya maimaita, ya ƙara da cewa an murɗa an duba, abin da littafi bai ce sai ya faɗa ba. Na ce daidai. Ba wanda ya ƙara ko harafi a cikinmu.

Na ɗaga yatsana daga maɓallin magana, na duba fitilar da ke nuna ana jina ta mutu, na sake dubawa. Sannan na ce to.